Yatsu Huɗu Daga Tabarma

A gidanmu ɗori gado ne, amma ba kowa ke gadonsa duka ba. Wana shi ya gaji hannun mahaifinmu da addu'o'insa. Shi ake kawo wa wanda ya karye, ya ja, ya haɗa ƙashi, ya jera kara ya ɗaure. Ni abin da ya faɗo mini shi ne abin da ke biyo baya. Idan aka kwance ɗori bayan kwana arba'in, ƙashi ya kama, to gaɓar da ta daɗe ba motsi takan ƙage, nama ya zube, jijiya ta takure. Sai a bi mutum har gidansa a gasa, a shafa mai, a murza, a ja, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya koma gona ko kasuwa. Wannan shi ne aikina fiye da shekara ashirin. Wana ana yi masa godiya, ana aiko masa da zabi. Ni kuwa da an hango jakina sai majinyaci ya fara salati, yara su ruga cikin gida suna cewa ga mai murɗiya nan ya zo.

Lokacin Turawa ba su daɗe da cin Sakkwato ba. Sun riga sun kafa turakun iyaka tsakaninmu da Kwanni, wannan gefe na Ingilishi, wancan na Faransi, amma majinyatana suna ko'ina, don haka nakan wuce turken sau biyu a mako ba wanda ya ce mini kanzil. Lahadi ina Illela saboda kasuwa. Litinin in bi Araba da ƙauyukanta, in ƙetara, in yi kwana biyu a ƙasar Kwanni, in juyo ta rugagen Fulani, in gangara Darna, in iso gida ƙafafuna sun fi na waɗanda na je dubawa ciwo. Kayan aikina ba su da yawa: tandu na man shanu, tsummoki, 'yar wuƙa, da ɗan damin kara.

Karan nan su ne shaiduna. Mutum mai ciwo ba ya faɗin gaskiyar jikinsa. Wani ya ce ya samu sauƙi don ka ƙyale shi, wani ya ce babu sauƙi don a ci gaba da kawo masa fura a kwance. Saboda haka na daina tambaya. Idan gwiwa ce ta ƙage a naɗe, sai in kwantar da mutum rigingine a kan tabarma, in ce ya miƙe ƙafa iyakar iyawarsa, in tsayar da kara daga tabarma zuwa bayan gwiwar, in yanke daidai nan. In yi wa karan tsaga irin wadda zan gane mai shi, in jefa a jaka. Mako mai zuwa in sake tsayar da shi. Idan ya yi tsawo, na rage shi, mun ci gaba ke nan. Ranar da babu sauran abin yankewa, bayan gwiwa ya taɓa tabarma, sai in yar da guntun in daina zuwa gidan.

Akwai wani ƙauye gabas da Araba, gidajensa ba su fi ashirin ba, hanyarsa yashi ne zalla, jaki yana nutsewa har idon sawu. A can akwai wata tsohuwa da ɗanta, magidanci mai kimanin shekara ashirin da biyar, da matarsa mai ƙaramin ciki. 'Yan kasuwa ne masu ƙaramin jari. Su ɗauko kanwa da gishiri daga Kwanni su kai Illela, su komo da ƙyalle da goro. Ran wata kasuwa, da tsakiyar damina, raƙumin wani Buzu ya harbi ɗan tsohuwar a ƙwauri, ƙasa da gwiwa kaɗan, aka kawo shi gidanmu a kan asabari. Wana ya ɗora. Ɗorin ya yi kyau, ranar da aka kwance na bi ƙashin da yatsana, babu tudu babu kwari. Sai dai duk kwanakin nan ya yi su ne da gwiwar a naɗe bisa wani matashi, don ta haka kawai yake samun barci, ta ƙage a haka.

Litinin ɗin farko na auna. Takin hannu ɗaya da yatsu biyu tsakanin gwiwar da tabarma. Na ga wanda ya fi wannan ya miƙe cikin wata biyu, musamman mai jini a jika irinsa.

Tsohuwar ta tarye ni da kyau. Kafin in sauke kaya ta riga ta ɗora ruwa a wuta, kuma ruwan ya yi zafin da nake so, ba sai na ce a sirka ko a ƙara ba. Na jiƙa tsumma na gasa cinya da bayan gwiwa har fatar ta yi laushi, na shafa mai, na bi jijiyar baya da manyan yatsuna daga sama zuwa ƙasa. Daga nan na ɗora diddigensa a kan cinyata, na sa tafin hannuna a kan ƙoƙon gwiwar, na fara dannawa a hankali.

"Wayyo, Malam! Raƙumin nan ya fi ka imani, shi sau guda yay yi nashi yat tahi."

"Shi karya ka yay yi. Ni gyara ka ni kai."

"To ka gyara sannu-sannu, ƙahwar ba ta aro ba ta."

Haka yake, bakinsa ba ya mutuwa ko yana zufa. Na danna sau bakwai, ina sakewa tsakani ya huta. Da na tsayar da karan, yatsu biyu suka fita. Na yanke, na nuna musu guntun. Na ce kowace safiya da kowace la'asar ya jingina da bango, matarsa ta ɗora masa ɗan buhun yashi a kan gwiwar, sannan ya dogara sanda ya je bakin rijiya ya dawo. Tsohuwar ta ce to, ta kawo mini fura da nono, ta raka ni har bakin zaure.

Litinin ta biyu karan bai kai gwiwar ba. Yatsu biyun da muka ci sun koma. Ban damu ba, don gaɓa takan ci rabin abin da aka samu tsakanin zuwa da zuwa, wani lokaci ma duka a makon farko. Na sake gashi, na sake ja, na sake cin yatsu biyu. Litinin ta uku ma haka. Ta huɗu kuwa har da ƙarin yatsa ɗaya a kan inda muka fara, dole na nemi sabon kara a dangar gidan na yanka, abin da ban taɓa yi wa majinyaci ba.

Na zargi ƙyuya. Na tambayi matar ko tana ɗora yashin, ta sunkuyar da kai ta ce tana ɗorawa. Na zargi kaina. Na bar man shanu na koma man kaɗanya, na tsawaita gashin, na koma ja sau goma. A gida wana ya fara cewa ina ɓata masa suna, don a kasuwa an soma raɗa cewa ɗorin ɗan tsohuwar nan bai yi ba. Ni kuma duk Litinin sai in ratse daga hanya, in ja jaki cikin yashin nan tafiyar rabin yini, in durƙusa a kan gwiwoyina har la'asar, in fito da manyan yatsuna suna zogi, na san mako mai zuwa daga farko zan fara. Babu gajiyar da ta kai ta aikin da ba ya taruwa.

A mako na biyar na lura da wani zobe baƙi-baƙi a idon sawunsa, fatar ta ɗan goge. Na tambaya. Tsohuwar ta ce kambu ne na maganin baki, ta cire shi saboda zuwana. Akwai irin alamar a saman cinya ma, amma a ƙasarmu babu jikin da ba shi da gurbin laya, sai na bar zancen.

Abin da ya tona asirin rasuwa ce. Wani dattijo da nake yi wa kafaɗa a ƙasar Kwanni ya cika ran Talata, aka yi jana'iza da ni, ba ni da sauran abin yi a can. Na juyo ran Laraba, kwana ɗaya kafin lokacina, hanya ta biyo da ni kusa da ƙauyen. Na ce bari in ƙara masa gashi ɗaya, ko abin da mako yake cinyewa kwana biyu ba za su cinye ba. Da hantsi ne, ana tsakiyar yankan gero, gari ya watse gona. Na yi sallama a zaure sau uku ba amsa. Da yake gidan ya saba da ni, na shiga.

Yana kwance a inuwar rumbu. An naɗe ƙafar, diddige ya kusa taɓa mazaunai, an ɗaure idon sawu da cinya wuri ɗaya da majanyi, ɗauri uku, irin wanda ake yi wa raƙumi don kada ya tashi. Ya gan ni, ya kai hannu ga ƙullin, sannan ya fasa.

"Malam, yau ba Litinin ba ta."

Na tsaya ina duban majanyin. Tsohuwar ta fito daga bayan ɗaki da ƙwaryar tsaba a hannu. Ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali don kada ta zube. Ba ta firgita ba. Ta jawo mini tabarma.

"Zamna, ɗana. Ka sha rana."

"Inna, mi na wanga?"

"Abin da kag gani. Ni na ɗamre ta. Da ka hita ni ka ɗamrewa, ran Litinin da sahe in kwance."

"Mako biyar ina tahowa cikin yashin ga."

"Na sani. Allah shi biya ka. Ban taɓa barin ruwanka ya huce ba."

Sai ta faɗa mini abin da ya kamata in gane da kaina tun tuni, don ba ɓoyayyen abu ba ne a ƙasar. A shekarun nan Turawa suna ɗibar mutane ɗaukar kaya. Bayan kaka takarda takan zo wa hakimi, hakimi ya raba wa masu gari, kowane ƙauye ya kawo mutum kaza. A tara su a Illela, a duba, a sa su gaba zuwa kudu da akwatuna a ka. Shekara biyu kafin wannan an ɗebi babban ɗanta. Waɗanda suka dawo suka ce gudawa ta kama shi a wani zango, suka bar shi a gindin wata bishiya da ba su san sunanta ba. Saura ɗaya gare ta, kuma mai gari ya riga ya ce bana gidansu yana cikin lissafi idan ƙafar ta warke. Gudu ba shi da amfani. Tafiyar sa'a ɗaya ce zuwa turken iyaka, amma mutanen can gefen su ma gudowa suke yi zuwa namu, don ɗibar Faransi ta fi tsanani.

Na ce, "To shi yi ɗingishin ƙarya mana, ranar dubawa. Ki bar ni in gyara ƙahwa, shi kuma shi gyara tahiya."

Ta girgiza kai. Ta ce bara wani ya gwada haka. Dogari ya kwantar da shi ya hau gwiwar da hannu biyu, ta miƙe sarai, aka yi masa bulala a gaban jama'a kuma aka tafi da shi. Gwiwar da za ta tsallake hannun dogari sai wadda ta ƙage da gaske.

"Kuma zuwanka na da amhwani," in ji ta. "Mai gari na ganin jakinka kowace Litinin. In mai murɗiya bai daina zuwa ba, kowa ya san ƙahwa ba ta warke ba."

A nan na gane matsayina a gidan. Ruwan zafi da furar nan duk na shaida ne.

Na yi mata bayani dalla-dalla, yadda mahaifina ya yi mini. Jijiya kamar ɗanyar fata take. Tana da kwanakin da za a ja ta ta biyo. Idan suka wuce ta bushe a yadda aka bar ta, ko mai nawa aka shafa ba za ta koma ba. Na ce daga ranar kwance ɗori muna da kamar wata uku, mun ci ɗaya da wani abu. Na ce idan ɗibar ta yi jinkiri, ɗanta zai mutu da wannan ƙafar a naɗe, ko da ya shekara ɗari.

"Amma nan za shi mutuwa," in ji ta. "In wanke shi, in san kabarinai."

Na juya wajensa. Na ce ba yaro ba ne shi, ga mata ga ciki, shi ya kamata ya faɗi abin da yake so. Ya daɗe yana wasa da bakin majanyin.

"Malam, ƙahwar tawa ta, gaskiya na. Amma ita ta haihe ta." Ya yi 'yar dariya. "Kuma in na tahi kudu, wa za ka murɗa ran Litinin?"

Na ɗauki jakata na fita ban sha ruwan gidan ba. Har na isa Darna ina cewa ba zan koma ba. Idan na daina zuwa, mai gari zai aiko a duba, a tarar da gwiwa mai sauran laushi, dogari ya danna ta miƙe. Wataƙila ya tsira da ƙafarsa ya tafi kudu da ita. Idan na ci gaba da zuwa, ina taya tsohuwa nakasa ɗanta da hannun da aka koya mini don gyara. Na auna wannan na auna wancan kwana huɗu, babu karan da zan tsayar a tsakaninsu. Ran Litinin jaki ya kai mararraba ya ratse da kansa, don ya saba, ni kuma ban juyo da shi ba.

Daga nan muka shiga wani zama wanda ban taɓa yin irinsa ba. Ba a ƙara ɓoye mini majanyin ba, a gabana take kwancewa, ta ninke ta ajiye a kan rumbu. Ni kuma ban rage komai daga aikina ba. Na gasa, na murza, na ja, na ci yatsu biyuna, ina fatan in riƙe wa jijiyar ɗan laushi har ɗibar ta wuce. Na roƙe ta ta sassauta ɗaurin, ko ta bar shi yini ɗaya cikin biyu. Ta ce to. Karan ya nuna mini ba ta yi ba. Sannu a hankali yatsu biyun suka koma ɗaya da rabi, suka koma ɗaya. A ƙarƙashin babban yatsana ina jin jijiyar tana komawa kamar tsirkiya. Wana ya daina yi mini magana a kan gidan, sai dai in ya ga ina ɗaura wa jaki kaya ran Litinin ya yi tsaki. Ban faɗa masa ba. Mutum ne mai kishin sunansa, da ya ji da ya tafi wurin mai gari a ranar.

Takardar ta yi jinkiri. An gama yankan gero, an gama na dawa, an kai amfani rumbu, shiru. Wata na uku ya cika ya wuce. Sai a cikin na huɗu aka yi shela cewa kowane mai gari ya kawo mutanensa Illela ran Lahadi.

Ina kasuwa a ranar, kamar kowace Lahadi. An tara su a gindin wata tsamiya kusa da masu gishiri. Wani Bature yana zaune a kan kujerar tafi-da-gidanka, fuskarsa ta yi ja, da tafinta a tsaye kusa da shi. Kowane mutum a sa shi ya je wancan itacen ya dawo, ya ɗaga akwati ya ɗora a ka, a buɗe bakinsa a duba. An kawo ɗan tsohuwar a kan jaki. Da aka zo kansa ya dogara sanda ya yi taku biyar, yatsun ƙafar kawai ke taɓa ƙasa. Dogari ya kwantar da shi a kan yashi, ya ɗora hannu biyu a kan gwiwar, ya saki nauyinsa duka. Na ji ƙarar da ya yi daga inda nake. Gwiwar ba ta motsa ba.

Mai garinsu ya hango ni ya nuna ni, aka kira ni. Tafinta ya ce Bature yana tambaya, ni ne mai yi masa magani? Na ce ni ne. Tun yaushe? Na ce wata huɗu. Zai iya ɗaukar kaya? Na ce ƙafar nan yadda take yau ba za ta kai shi ko Gwadabawa nan kusa ba, ko ba kaya. Ba a tambaye ni dalili ba, ban kuwa faɗa ba. Bature ya kaɗa hannu, aka janye shi gefe. Daga ƙauyensu aka ɗauki mutum uku, ɗaya a madadinsa, wani magidanci mai 'ya'ya biyu da na sani da gani. Tsohuwar tana can bayan masu gishiri, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Washegari Litinin. Na tarar ta ɗora ruwa tun kafin in iso, ga kuma ƙwarya cike da man shanu sabon kaɗi, ta ce nawa ne. Majanyin yana goye da wata jaririyar maƙwabta.

"To, ɗana, yanzu sai ka miƙe mini ita."

"Inna, na hwaɗa miki kwanakinta."

"Ka hwaɗa. Amma hannun gidanku na da albarka. Gwada."

Na gwada. Na mayar da zuwana sau biyu a mako, Litinin da Laraba, na rage kwanan Kwanni. Yanzu kowa a gidan yana taya ni. Matar tana ɗora yashi safe da yamma da cikinta ya tsufa, tsohuwar tana tsaye a kansa da bakinta har sai ya je rijiya ya dawo. Shi ma ya daina barkwanci lokacin ja, sai ya cusa bakin riga a baki ya ce in ƙara. Karan ya fara raguwa, da fari da rabin yatsa, daga baya da kaurin farce. Wani makon in yanke abin da bai kai ƙwayar gero ba, in nuna musu don kada su karaya. Muka ci sanyi muka shiga bazara. Yashin hanyar ya koma kamar toka mai zafi, jakina ya rame, ni ma babban yatsana na dama ya fara ƙagewa da safe, sai na gasa shi kafin in iya riƙe akala. Matar ta haihu, namiji, aka yi suna ina durƙushe a bayan rumbu ina murza ƙafar uban.

Daga taki ɗaya da yatsu uku muka sauko zuwa yatsu huɗu. A nan ta tsaya. Na tsayar da karan mako shida a jere, bai ƙaru ba bai ragu ba. Idan na danna, ba laushin jijiya nake ji a ƙarshe ba, tauri nake ji kamar ƙyaure ya kai bango. Na san wannan taurin. Wanda ya matsa bayansa karya ƙashi zai yi.

A cikin makonnin nan ne mutanen da aka ɗiba suka fara dawowa. Na ƙauyen, biyu suka dawo, a rame, kansu ya goge, amma da ƙafafunsu suka shigo gari. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda aka ɗauka a madadin ɗan tsohuwar. Na ukun bai dawo ba, kuma ba wanda ya iya faɗin inda ya tsaya. Ina gidan ranar da aka yi guɗa a maƙwabta. Tsohuwar tana riƙe da ƙwaryar ruwan zafi, ta tsaya ta saurara har guɗar ta ƙare, sannan ta ce mini ruwa zai huce. Ɗan nata kuwa ya juya fuskarsa wajen danga. Biyu sun dawo, ɗaya bai dawo ba, kuma babu mai sanin cikin wane kashi zai faɗa da ya tafi.

Litinin ta gaba na gaya musu na gama. Na nuna wa matar yadda za ta riƙa gasawa lokacin sanyi don kada ta ƙara ƙagewa. Na ce ya nemi baduku ya ɗinka masa takalmi mai kaurin diddige a wannan ƙafar, ya rage wa ƙugunsa wahala. Noma zai yi, amma ba yini guda ba. Tafiyar Kwanni da ƙafa kuwa ta ƙare, sai a kan jaki.

"Ko wata guda ka ƙara," in ji tsohuwar.

"Ko shekara na ƙara, Inna, nan za ta tsaya."

Ta raka ni har bakin zaure kamar yadda ta saba. A can ta tsaya, ta waiwaya cikin gida. Yana zaune a jingine da rumbu, ya ɗora jaririn a kan gwiwar da ba ta miƙewa, yana jijjiga shi.

"Ka gan shi dai," in ji ta. "Shina nan."

Na ce na gan shi.

Ya daɗe a duniya bayan uwarsa. Ya koma kasuwancin kanwa a kan jaki, ya samu rufin asiri daidai gwargwado. Duk Lahadi nakan gan shi a layin masu gishiri, ƙafar a tanƙware a gefe. Idan na wuce yakan ɗaga murya ya ce wa maƙwabtansa su ɓoye gwiwoyinsu ga mai murɗiya nan, a yi dariya, ya miƙo mini goro. Ba mu taɓa tayar da zancen majanyin ba. A kasuwa kuwa magana ta zauna cewa ɗorin wana ne bai yi ba, kuma wana ya rasu yana jin haushin wannan ƙafar, yana ganin ni na kasa ƙarasa masa aikinsa.

Ƙa'idata ita ce in yar da kara ranar da gwiwa ta taɓa tabarma. Nasa bai kai ranar ba, don haka ya zauna a gindin jaka tare da tsummoki, guntu mai tsawon yatsu huɗu da tsaga biyu a gefe, har jakar ta mutu aka yi mini wata. A ranar da na bar gidan ban tsaya tunanin wannan ba. Rana ta yi sama, akwai wata mata mai ciwon gwiwar hannu tana jirana a ƙetaren turke, ga yashi a gaba. Na gasa babban yatsana da sauran ruwan da ke ƙwaryar, na kama akala na ja jakin.